Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan: laifin ministocinta ne, ko na wanda ya kafa ta?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar siyasa, haifaffen Agege, kuma ba a haife ni ba lokacin da abin da zan yi tambaya a kansa ya faru, don haka ina neman a gyara mini duk inda na kauce. An ba mu aikin rubutu a kan gwamnatin riƙon ƙwarya da Janar Ibrahim Babangida ya miƙa wa mulki a ranar 26 ga Agusta 1993, ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan, wadda ta faɗi a ranar 17 ga Nuwamba na wannan shekarar, ba ta ko cika wata uku ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sunayen da na gani a majalisar ministocinta. Akwai Matthew Mbu a harkokin waje, mutumin da ya riƙe minista tun kafin a sami 'yancin kai, akwai Alhaji Aminu Saleh a kuɗi, Farfesa Jerry Gana a aikin gona, Farfesa Barth Nnaji a kimiyya da fasaha, Alhaji Bashir Dalhatu a sufuri da jiragen sama, ga shi kuma shi kansa Shonekan ya shugabanci kamfanin UAC tun 1980. Waɗannan ba mutane ba ne da za a ce ba su san aiki ba. To me ya sa gwamnatin da ta tara irin su ta rushe cikin kwana 80 da 'yan kai? Sannan mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, har gobe idan aka ambaci waɗannan ministoci sai ya ce sun taimaki zalunci, domin sun zauna a kujerar da zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993, wanda aka soke, ya riga ya ba wani. Shin adalci ne a hukunta su haka, ko kuwa sun shiga ne don kada ƙasa ta kama da wuta? Ina so in ji daga bakin waɗanda suka ga lokacin da idonsu a nan Legas, domin littattafan da muke karantawa sun fi ba da ranaku fiye da yadda mutane suka ji a jikinsu.

Dattijon Mile 12 ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambayi manya, kuma ka gaishe mini da mahaifinka. Ni a waccan shekara ina sayar da albasa da tattasai a kasuwar Mile 12, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku a ɗakin haya, don haka zan gaya maka abin da na gani, masana shari'a kuma su cike sauran.

Ba za ka fahimci wannan gwamnati ba sai ka fahimci tsoron da aka haife ta a ciki. An yi zaɓe ranar 12 ga Yuni tsakanin Cif Moshood Abiola na jam'iyyar SDP, da Babagana Kingibe a matsayin mataimaki, da kuma Alhaji Bashir Tofa na jam'iyyar NRC. Mu da yawa a kasuwa Abiola muka jefa wa ƙuri'a, kuma ba mu kaɗai ba ne, domin har a Kano, jihar Tofa, Abiola ne ya yi rinjaye. Ranar 23 ga Yuni aka ce an soke zaɓen. A farkon Yuli Legas ta rikice, aka tare tituna, aka ƙone tayoyi, sojoji suka fito kan titin Ikorodu, aka rasa rayuka da dama. Motocin da ke kawo mana kaya daga arewa suka daina shigowa, abin da ke ƙasa kuma ya ruɓe a gabanmu, domin tumatir da tattasai ba sa jiran siyasa ta daidaita. Da watan Agusta ya kama, aka fara raɗe-raɗin cewa yaƙi za a yi idan Babangida bai sauka ranar 27 ba kamar yadda ya yi alkawari, sai mutane suka fara kwashe iyalansu. Inyamurai suka nufi gabas, abin da su kansu suka sa wa suna Oso Abiola, wato gudun Abiola, mu kuma muka cika tashoshin Iddo da Agege. Ni na sa iyalina a bayan tirela tare da kayan ɗaki, na biya kuɗin mota fiye da ninkin abin da aka saba, na dawo na zauna a rumfa ni kaɗai ina sauraron rediyo dare da rana.

To a cikin wannan hali aka ce ga Shonekan. Ina gaya maka gaskiya tsakanina da Allah, ranar da Babangida ya bar Abuja mun yi ajiyar zuciya, ba don mun yarda da sabuwar gwamnati ba, sai don yaƙin da ake tsoro bai zo ba. Amma maƙwabtanmu Yarbawa ba su ji haka ba ko kaɗan. A wurinsu an ɗauko mutumin Abeokuta ne, ɗan garin su Abiola, don a rufe musu baki, a ce ai ga naku nan an ba shi. Wannan ya fi yi musu ciwo fiye da a ce soja ya ci gaba da zama. Gwamnatin da mutanen garin shugabanta suka juya wa baya tun ranar farko, kuma garin da ke riƙe da tashar jiragen ruwa da bankuna da jaridun ƙasa bai amince da ita ba, ina za ta sa ƙafa ta tsaya?

Mun ga wasu abubuwa na alheri, ba zan ɓoye ba. An saki masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam su Gani Fawehinmi da Beko Ransome-Kuti da Femi Falana daga tsare, Abiola ma da ya fita ƙasar waje ya dawo a ƙarshen Satumba, jama'a suka yi dafifi a filin jirgin Ikeja. Amma rayuwa ba ta sauƙaƙa ba, layin mai bai yanke ba, kuma a ranar 25 ga Oktoba wasu samari huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways da ya tashi daga nan Legas zuwa Abuja, suka kai shi Yamai. Wannan ya nuna wa kowa cewa babu mai riƙe da linzami. Abin da ya ƙarasa ta a idonmu talakawa shi ne kuɗin mai. A watan Nuwamba aka wayi gari litar fetur ta tashi daga kwabo 70 zuwa naira 5. Ka lissafa da kanka, ninki bakwai ne a dare ɗaya. Kuɗin molue da danfo, motocin hayar Legas, ya haukace, direbobin manyan motoci suka ƙara kuɗin ɗauko kaya, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ƙarƙashin Pascal Bafyau ta shiga yajin aiki. Kwana biyu da fara yajin aka ce Shonekan ya yi murabus.

Game da maganar mahaifinka, ni ina tare da shi rabin hanya. Wanda aka kira ya riƙe wa mutane amana na 'yan watanni, kuma ya san ba zaɓarsa aka yi ba, bai kamata ya taɓa abin da zai shiga tukunyar kowane gida ba. Ministan mai na lokacin Don Etiebet ne, amma ba shi kaɗai ya yanke ba, majalisa ce gaba ɗaya ta zauna, kuma a cikinta akwai waɗanda suka san talauci. A nan nake ganin laifinsu.

Lauya daga Ikeja ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka ba da abin da babu shi a takarda. Ni zan ƙara ne ta fuskar doka, domin a ganina amsar tambayar ƙanenmu tana cikin takardar da ta kafa gwamnatin, ba cikin ƙwarewar ministocin ba.

Dokar soja mai lamba 61 ta 1993 ita ce ta haifi wannan gwamnati. Ta ba ta wa'adi zuwa 31 ga Maris 1994, aka kuma tsara sabon zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairu, aka sauya Farfesa Humphrey Nwosu da Farfesa Okon Uya a shugabancin hukumar zaɓe. Mambobinta 32 ne, kuma ba minista ake kiransu a hukumance ba, sakatare ake ce musu, kamar yadda aka yi a majalisar miƙa mulki da shi Shonekan ɗin ya jagoranta tun Janairu 1993. Ka lura da wannan, ƙanena: Shonekan ba baƙo ba ne a gwamnatin Babangida, yana cikinta lokacin da aka soke zaɓen. Haka Clement Akpamgbo, ministan shari'a, da Uche Chukwumerije na yaɗa labarai, wanda shi ne ya fi kowa kare sokewar a rediyo da talabijin, da Mbu na harkokin waje, dukansu daga tsohuwar majalisa aka tsallako da su. Don haka mai kallo daga waje bai ga sabuwar gwamnati ba, ya ga tsohuwa ce da aka cire wa kai.

Babban aibin kuwa yana cikin wani sashe na dokar da ya ce idan shugaban riƙon ya mutu ko ya yi murabus, minista mafi girma shi ne zai gaje shi. Babangida ya tafi da hafsoshin sojan da suka yi aiki da shi, amma ya bar mutum ɗaya, Janar Sani Abacha, a kujerar tsaro, kuma shi ne wannan minista mafi girma. Wato mutumin da ke riƙe da bindiga shi ne kuma wanda zai ci gado idan shugaba ya faɗi. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Ba sai Abacha ya harba ko harsashi ɗaya ba, abin da yake buƙata kawai shi ne Shonekan ya rasa inda zai dafa. Tun a watan Satumba ya nuna wanda ke da iko, lokacin da ya sauya naɗe-naɗen da Babangida ya bari a rundunar soja, Janar Oladipo Diya ya karɓi kujerar hafsan tsaro da aka tanadar wa Janar Joshua Dogonyaro. Shugaban da ba shi ke naɗa hafsoshinsa ba, sunan shugaba kawai yake ɗauke da shi.

Sai kuma hukuncin da aka yanke a nan garin. Abiola da Kingibe sun shigar da ƙara, kuma a ranar 10 ga Nuwamba Mai Shari'a Dolapo Akinsanya ta Babbar Kotun Jihar Legas ta ce gwamnatin haramtacciya ce, saboda Babangida ya sa hannu a doka ta 61 bayan wata dokar da ya yi da kansa ta riga ta kawo ƙarshen ikonsa na yin doka. Ina girmama wannan hukunci matuƙa, domin ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne alƙalin jiha, mace, ta faɗi haka a zamanin soja. Amma dole in faɗi abin da ya biyo baya, ko da ba daɗi. Hukuncin ya rushe gwamnati, bai kuma iya ɗora kowa a gurbinta ba. Majalisar dokoki ta ƙasa tana nan, amma ta rabu, har 'yan majalisar dattawa sun tsige shugabansu Iyorchia Ayu a farkon watan, suka ɗora Ameh Ebute. Shugabannin SDP ƙarƙashin Tony Anenih sun riga sun amince da tsarin riƙon ƙwarya tun kafin a kafa shi. Wasu daga cikin masu goyon bayan 12 ga Yuni kuma suka fito fili suna kiran soja su shigo, da zaton za a miƙa wa Abiola. Mako guda bayan hukuncin Abacha ya karɓa, washegari ya rushe majalisu da gwamnonin da aka zaɓa, ciki har da Michael Otedola na nan Legas, da jam'iyyun biyu baki ɗaya. Kuɗin mai ya rage shi zuwa naira 3 da kwabo 25, yajin aiki ya tsaya.

Saboda haka ban yarda cewa rashin iya aiki ne ya kayar da su ba. Ko da an tara mutanen da suka fi kowa ilimi a Najeriya, gwamnatin da ba ta da ƙuri'a a bayanta, ba ta da soja a hannunta, kuma kotu ta ce ba ta da doka a ƙarƙashinta, babu abin da zai tsayar da ita. Wannan darasi ne ya sa sashe na 1 na tsarin mulkin 1999 ya hana a mulki Najeriya ko wani ɓangare nata ta hanyar da ba ita tsarin mulkin ya shimfiɗa ba, kuma babu gurbin gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙasa a cikinsa ko kaɗan. Duk da haka ɗabi'ar ba ta mutu ba, ƙasa ta sauko. Shekaru da yawa gwamnoni suna rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi suna naɗa kantomomi, alhali sashe na 7 ya ba da tabbacin zaɓe, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa kada a sakar wa irin waɗannan kwamitoci kuɗin tarayya. A matakin jiha kuma an ga kantoma a Filato a 2004, a Ekiti a 2006, da Ribas a 2025, dukansu da sunan dokar ta-ɓaci.

Malama daga Idi-Araba ta amsa:

Barista, na gamsu da bayaninka a kan ginin gwamnatin, amma ina jin tsoron ka sauke wa ministocin nauyi da yawa. Idan aibin yana rubuce ɓaro-ɓaro a cikin dokar, to ai waɗannan mutane sun iya karatu, wasunsu ma lauyoyi ne. Wanda ya ga an ba kura ajiyar nama, kuma ya yarda ya zauna a matsayin shaida, ba zai ce daga baya bai san abin da zai faru ba.

Kuma ina roƙon ɗalibinmu ya bi sawun kowannensu bayan 17 ga Nuwamba, domin a nan ake gane wanda ya shiga don ceton ƙasa da wanda ya shiga don kujera. Aminu Saleh ya zama sakataren gwamnatin tarayya a ƙarƙashin Abacha. Jerry Gana ya koma yaɗa labarai, Etiebet ya ci gaba da riƙe mai, Bashir Dalhatu ya koma wutar lantarki da ƙarafa. Shi kansa Shonekan daga baya ya shugabanci kwamitin tsara hangen 2010, wato shirin raya ƙasa, da Abacha ya kafa. Wasu kuwa, kamar Julius Adelusi-Adeluyi na lafiya, mai kantin magani a Ikeja, da Barth Nnaji, sun koma sana'arsu. Ban ce duk wanda ya ci gaba mugu ne ba, amma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba, na yabo ko na zargi.

Abin da ya fi ci mini rai, kuma ina so mahaifin wannan yaro ya ji, shi ne ba ministocin Shonekan kaɗai suka zauna a kujerar da ba tasu ba. Kingibe, wanda aka zaɓa tare da Abiola kuma ya shigar da ƙarar da ta rushe gwamnatin, shi ne ya karɓi ministan harkokin waje a hannun Abacha. Alhaji Lateef Jakande, wanda mu mutanen Legas muka ci moriyar makarantunsa da gidajensa, ya karɓi ayyuka da gidaje, Abubakar Rimi ya karɓi sadarwa, Ayu ya karɓi ilimi, Olu Onagoruwa ya karɓi shari'a. Idan za a tuhumi wanda ya yi wata uku da farar hula, me za a ce da wanda ya bi soja? Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, na ga yadda iyaye suka kwashe 'ya'yansu zuwa arewa, wasu yaran ba su sake komawa aji ba har abada, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan manya da na ji ya tsaya ya ƙirga wannan asara.

Bamaraɗe mazaunin Obalende ya amsa:

Salamu alaikum. Ni mutumin Maraɗi ne, na daɗe a nan ina sana'a. Ina so in tuna muku cewa a wannan shekara ta 1993 mu ma a Nijar muka fita daga mulkin riƙon ƙwarya. Taron ƙasa na 1991 shi ya zaɓi Cheiffou Amadou a matsayin firaminista, Farfesa André Salifou kuma ya shugabanci majalisar da ke sa ido a kansa, aka hana shugabannin riƙon tsayawa takarar shugaban ƙasa. An sha wahala, albashi ya yi ta makara, sojoji ma sun yi bore, amma an kai ga zaɓe, Mahamane Ousmane ya ci, aka miƙa masa a watan Afrilu. Bambancin da na gani shi ne namu taron jama'a ne ya naɗa su don a je zaɓe, naku kuwa mutum ɗaya ne ya naɗa su bayan an yi zaɓe an gama.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Barista, Malama da Malam. Na karanta wa mahaifina amsoshinku bayan sallar isha'i. Da na zo kan sunan Jakande ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Malama ta faɗi gaskiya, amma shi bai janye maganarsa ba. Ya kuma tuna mini da Dapo Sarumi, ɗan SDP na nan Legas da ya karɓi sadarwa a gwamnatin riƙon, ya ce a Agege ba a ji zafin kowa ba kamar nasa a lokacin, saboda ɗan gida ne. Saura tambaya ɗaya, Barista: tunda kotu ta ce gwamnatin haramtacciya ce, da wane dalili Shonekan ya ci gaba da zama cikin jerin tsofaffin shugabannin ƙasa har rasuwarsa?

Lauya daga Ikeja ya sake amsawa:

Ƙanena, ka gaishe da Baba. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk tsofaffin shugabannin ƙasa da tsofaffin shugabannin gwamnatin tarayya mambobi ne a Majalisar Ƙoli ta Ƙasa mai ba shugaban ƙasa shawara, bai tambayi ta wace ƙofa mutum ya shiga ba. Da wannan ma'auni ne Gowon da Babangida da Abdulsalami suke zama, da shi ne kuma Shonekan ya zauna har ya rasu a nan Legas ranar 11 ga Janairu 2022. Abin da ake dubawa shi ne wanda ya riƙe ragamar a zahiri, ba wanda ya cancanta ba. Shi ya sa Abiola, wanda ya ayyana kansa shugaban ƙasa a unguwar Epetedo ta Legas ranar 11 ga Yuni 1994 kuma ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998, ba ya cikin jerin, duk da cewa a 2018 Shugaba Buhari ya ba shi lambar girma ta GCFR da aka saba ba shugabannin ƙasa, ya kuma mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, sannan Babangida da kansa ya amsa a Fabrairun 2025 cewa Abiola ne ya ci zaɓen. Idan za ka rubuta aikinka, ka nemi hukuncin Mai Shari'a Akinsanya da dokar soja ta 61 ka karanta su gefe da gefe, musamman sashen da ya yi magana a kan wanda zai gaji shugaban riƙo, sannan ka sa maganar Baba ta kuɗin mai da ta Malama a kan yaran da suka bar makaranta, domin malaminka ba zai same su a cikin dokar ba.